Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Ministan Kiwon Lafiya: Ciwonmu Ba Ya Fitowa a Fuska

Mai girma Minista,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa ta girmamawa, da addu'ar Allah Ya ƙara maka lafiya da basira kan amanar da ke wuyanka, ina rubuto maka wannan wasiƙa ne daga birnin Tawa na ƙasarmu Nijar. Ni malamar makaranta ce, na haura shekara talatin da biyar a duniya, kuma da ciwon amosanin jini aka haife ni, wanda a nan muka fi sani da emasi, nau'in SS, wato na gaje shi daga uwa da uba duka. Ba ni da ƙungiya mai hatimi da zan yi magana da yawunta. Waɗanda nake magana a madadinsu su ne mutanen da benci ɗaya ya saba haɗa mu a bakin ɗakin likita har muka san juna da suna: masu emasi irina, masu ciwon sukari, masu hawan jini, masu farfaɗiya, masu fuka, masu ciwon ƙoda, da iyaye mata waɗanda ke goyo da jan yaran da ke ɗauke da waɗannan larurori. Abin da ya haɗa mu shi ne ciwo mai zama da mutum har ƙarshen rayuwarsa, wanda kuma ba shi da miki, ba shi da sanda, ba shi da wata alama da ido zai gani ya tausaya.

Dalilin rubutun nan shi ne ranar 19 ga Yuni ta sake zuwa ta wuce. Tun da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe wannan rana a ƙarshen 2008 domin masu amosanin jini, kowace shekara muna jin jawabai a rediyo, kamar yadda masu ciwon sukari ke jin nasu ranar 14 ga Nuwamba, masu hawan jini kuma ranar 17 ga Mayu. Ba ma raina wannan, domin ambaton sunan ciwo a bainar jama'a ma wani mataki ne. Sai dai idan gari ya waye aka naɗe tabarmin taro, mukan koma inda muka saba, wato wurin da dole sai mun rantse cewa ba mu da lafiya kafin a yarda da mu. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, kuma a wurare da yawa gaskiya ne, amma mu wannan karin magana ya zame mana shari'ar da ake yanke mana kullum ba tare da an saurare mu ba. "Ai ga ki nan lahiya lau." Babu wani a cikinmu da bai ji wannan magana ba, a gida ko a makaranta, a wurin aiki ko a asibiti.

Zan fara da asibitin, domin a nan ne rashin yarda ya fi yi mana illa. Bari in faɗi abin da ke faruwa a jikin mai emasi, ko da yake kai ka fi ni sani, saboda masu karanta wannan wasiƙa tare da kai. Ƙwayar jinin mai lafiya tana da laushi, tana lanƙwasa ta ratsa ƙananan jijiyoyi, kuma takan yi kwana 120 tana aiki. Tamu kuwa takan sandare ta koma kamar lauje, ta mutu cikin kwana 10 zuwa 20, kuma idan sanyi ya buge mu, ko ruwan jiki ya ragu, ko zazzaɓin cizon sauro ya kama mu, sai ƙwayoyin su cushe hanya, jini ya kasa isa ƙashi. Zafin da ke biyo baya ba ni da kalmar da za ta ɗauke shi. Abin da zan iya cewa kawai shi ne kamar ana dukan ƙashin mutum da taɓarya daga ciki, alhali fatar jikinsa tana nan sumul.

Wani dare cikin hunturu ciwon ya tashi mini a baya da cinyoyi. Ƙanena ya ɗauke ni a babur zuwa wani gidan likita, na sauka da kaina, na gyara hijabina, na yi sallama, na faɗi abin da ke damuna cikin muryar da ba ta tashi sama ba. Ma'aikacin lafiyar da ke bakin aiki a daren ya dube ni daga sama har ƙasa, ya ce, "Malama, ai da ƙafarki kika shigo, ki ɗan jira tukuna." Na zauna a kan bencin siminti mai sanyi, wanda shi kansa ƙara wa ciwon wuta yake yi, ina danne bakin hijabina da haƙori, har aka kira sallar asuba. Ban riƙe mutumin nan a zuciya ba, domin na ga shi kaɗai ne a kan marasa lafiya da yawa, kuma abin da idonsa ya nuna masa ya bi. Amma ina so ka lura da wani abu, ranka ya daɗe. An rene mu a cikin al'adar da ke yabon dauriya, inda ake koya wa yarinya cewa ko a kan gwiwa take ba ta ɗaga murya, ake koya wa yaro cewa namiji ba ya kuka. Mai emasi ya fara koyon cije leɓe tun yana shekara uku. Sai ga shi wannan dauriyar da aka hore mu da ita, ita ce ta zama shaida a kanmu a gaban ma'aikacin lafiya: wanda bai yi birgima a ƙasa ba, ba a ɗauka ciwonsa ya kai a tashi tsaye.

Akwai kuma wani tarko na biyu. Wanda ya shekara talatin yana fama da ciwo ɗaya ya san maganin da ke yi masa aiki da wanda ba ya yi. Amma da zarar ɗayanmu ya ce farasitamol ba zai taɓa wannan zafin ba, ya ambaci sunan magani mai ƙarfi, sai kallon da ake yi masa ya sauya, musamman idan saurayi ne. Mun san ɓarnar da shan tiramol ba bisa ƙa'ida ba ya yi wa matasan ƙasar nan, kuma muna goyon bayan a tsananta tsaro a kansa. Sai dai bai kamata laifin masu shaye-shaye ya faɗa kan yaron da ƙashinsa ke mutuwa saboda rashin jini ba. Ƙa'idar da likitocin wannan fanni suka yarda da ita ita ce a ba mai wannan ciwo maganin zafi mai ƙarfi cikin sa'a ɗaya da isowarsa, a ƙara masa ruwa, a binciki abin da ya tayar da ciwon. Jinkiri ba wahala kaɗai yake ƙarawa ba, yakan buɗe ƙofa ga ciwon ƙirji mai toshe numfashi, wanda yana cikin abubuwan da suka fi kashe mu. Sakamakon wannan hali shi ne da yawa daga cikinmu sun daina zuwa asibiti da wuri. Sukan kwanta a ɗaki su sayi ƙwaya wurin mai tebur, ba a kai su sai rai ya kai ga maƙoshi, sannan a ce sun yi sakaci.

Kuka na biyu shi ne na magani da tsadarsa. Tun 2006 ƙasarmu ta ɗauke wa yara ƴan ƙasa da shekara biyar kuɗin jinya, kuma a 2024 an rage kuɗin ganin likita da na wasu ayyuka a asibitocin gwamnati. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin tagar biyan kuɗi da hannu a aljihu ya san darajar waɗannan matakai, kuma muna godiya. Amma emasi ba ya duba takardar haihuwa. Ina da maƙwabciya mai sayar da ƙosai wadda ɗanta ya cika shekara biyar bara, kuma ta gaya mini cewa ranar da sauran iyaye ke murnar yaro ya isa shiga makaranta, ita lissafi ta zauna yi, domin daga ranar kowace allura, kowane gwajin jini, kowace kwanciya daga cikin ribar ƙosai za su fito. Abin da yaron ke buƙata kullum ba wani abin al'ajabi ba ne: ƙwayar ƙarin jini ta folik asid, kariya daga zazzaɓin cizon sauro, alluran rigakafi, da ganin likita a kan lokaci. Akwai kuma maganin hidroksiyuriya, wanda ke rage yawan tashin ciwo da yawan buƙatar ƙarin jini, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a cikin jerin magungunan da bai kamata wata ƙasa ta rasa ba. Iyaye da yawa a karkararmu ko sunansa ba su taɓa ji ba, waɗanda suka ji kuma sukan fara su tsaya, saboda ba kullum ake samunsa kusa ba, kuma shan sa yana tafiya ne da gwajin jini a kai a kai.

Wannan matsalar ta fara magani a tsaya ita ce ta haɗa mu duka. Ciwon da ba ya warkewa ba a yi masa magani irin na zazzaɓi, kwana uku a huta. Mai hawan jini idan kansa ya daina ciwo yakan ɗauka ya warke, kuma idan kuɗin wata ya ƙare maganinsa ne farkon abin da ake cirewa daga cefane, tun da ba wanda ya ga yana ɗingishi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin manyan da ke da hawan jini ba su ma san suna da shi ba. Ranar da ya bayyana, yakan bayyana ne da shanyewar ɓarin jiki ko mutuwar ƙoda, wadda ke jefa mutum cikin wankin jini sau biyu ko uku a mako, kowane zama kimanin sa'a huɗu. A ranar ne dangi ke taruwa, a sayar da gona ko bisashe, alhali ƙwayar da za ta hana a kai ga haka kuɗinta bai kai kuɗin shayin majalisa ba. A jaha irin tamu, inda magidanta da samari ke tafiya biɗa, wato ci-rani, Abijan ko Libiya su yi watanni, sau da yawa maganin a tasha yake tsayawa, domin ba wanda ya bayyana wa mutumin cewa guzurin magani ya fi guzurin gari muhimmanci a gare shi.

Masu ciwon sukari da ke yin allurar insulin nasu ya fi tsanani. Wannan magani ana so a ajiye shi a sanyin da ke tsakanin digiri 2 da 8, mu kuwa a watannin Afrilu da Mayu zafin Tawa yakan haura digiri 40, ga ɗaukewar wuta, ga gidajen da ba su taɓa mallakar firji ba. Na san wani tela a unguwarmu da ke ajiye kwalbar insulin ɗinsa a cikin ƙaramar tukunyar ƙasa, ya sa ta a cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen rairayi, ya rufe da tsumma mai laima, kuma sau uku a yini yake tashi daga kan keke ya yayyafa ruwa. Masu kawo masa ɗinki ba su san da wannan tukunya ba. Abin da suka sani shi ne wani lokaci yakan saɓa alkawari, har sukan ce ya cika son jiki. Ranar da sukarinsa ya faɗi yana tsakiyar kasuwa, ya fara gumi yana magana ba kan gado, mutanen da suka kewaye shi sun ɗauka wani abu ya sha, alhali ƙwayar sukari uku ko rabin kofin lemo mai zaƙi ne kawai tsakaninsa da dawowa hayyacinsa. Allah Ya sa wani yaron shagonsa ya iso da wuri.

Na uku shi ne nisa. Muna alfahari da cibiyar ƙasa ta masu emasi da ke Yamai, kuma waɗanda suka samu zuwa sun shaida amfaninta. Amma daga Tawa zuwa Yamai tafiyar kusan kilomita 550 ce, ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, kuma wannan ga wanda ke cikin birni ke nan. Wanda ya taso daga Abalak, ko Cintabaraden, ko ƙauyukan Keita da Buza, sai ya fara kashe yini kafin ya hau babbar hanya. Galibin ƙwararrun likitocin jini, na ƙoda da na ƙwaƙwalwa a babban birni suke, saboda haka takardar turawa da likita ke rubutawa cikin minti biyu takan zama kuɗin mota na mutum biyu, da masauki, da abinci, da mako guda ba aiki. Ga mai emasi kuma, doguwar tafiya a zaune cikin mota mai sanyin na'ura, yana rage shan ruwa don gudun neman wurin fitsari, ita kanta tana iya tayar da ciwon da aka tafi nema wa magani. Na ga takardun turawa da yawa da suka tsufa a ƙarƙashin katifa.

Na huɗu ya shafi makaranta da wurin aiki, kuma na san wani ɓangarensa yana hannun takwarorinka na ilimi da na ma'aikata, amma daga ofishinka ne bayanin da za su dogara da shi zai fito. A ajina na taɓa samun wata yarinya mai farfaɗiya, mai kaifin ƙwaƙwalwa, wadda rubutunta ya fi na kowa kyau. Ranar da ta faɗi a cikin aji, yaran suka watse har da masu fita ta taga, saboda a gida an gaya musu cewa wanda yawunta ya taɓa shi ma zai kamu. Na juya ta ta kwanta a gefenta, na sa gyalena a ƙarƙashin kanta, na kawar da benci, na hana a cusa mata cokali a baki, kuma kafin minti uku ta lafa. Ta buɗe ido ta tarar da ajin ba kowa sai ni. Wannan kallon da ta yi wa kujerun da babu kowa a kansu har yau yana idona. Bayan mako biyu iyayenta suka cire ta, suka ce iska ce, za a nema mata na gida. Ranka ya daɗe, farfaɗiya ba ta yaɗuwa ta yawu ko ta taɓawa, larura ce ta ƙwaƙwalwa da kimanin mutum miliyan 50 ke ɗauke da ita a duniya, kuma bakwai cikin goma za su iya rayuwa ba tare da faɗuwa ba idan suka samu magani daidai suka dawwama a kansa. Ɗaya daga cikin magungunan, fenobarbital, yana cikin mafiya araha, sai dai yanke shi farat ɗaya yana dawo da faɗuwar da ƙarfi, saboda haka yankewarsa a kantin magani na mako biyu ba ƙaramin abu ba ne. Ni na san abin da zan yi a ranar ne kawai don zaman bencin asibiti ya koya mini. Ba a koya mana shi a makarantar horon malamai ba.

Haka yaro mai emasi ke shan bulala saboda ya nemi fita fitsari sau uku, alhali ƙodarsa ce ba ta iya riƙe ruwa kamar ta sauran, kuma an umarce shi da yawan sha. Haka ake tilasta masa gudu a filin motsa jiki da sanyin safiya, ko a sa mai fuka sharar aji cikin ƙurar hunturu. Idan ya kwanta mako biyu ya dawo, ba wanda ke mayar masa da darasin da ya wuce shi, idan kuma ciwon ya faɗo a ranar jarrabawa, shekara ta tafi. Manya ma ba su tsira ba. Ma'aikaciyar da ta kawo takardar hutun likita karo na uku a shekara takan fara jin ana cewa ta mayar da ciwo sana'a, kuma akan tura mai irin wannan larura aiki ƙauyen da ke da nisan sa'o'i daga inda ake ƙarin jini, ba don mugunta ba, sai don babu inda aka rubuta cewa a duba. Saboda tsoron haka, da yawa suna ɓoye ciwonsu ga shugabanninsu, su yi ta aiki har su faɗi. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu buƙata ta musamman tun 2008, kuma yarjejeniyar ba ta taƙaita ga naƙasar da ake gani ba, ta haɗa da duk wata larura mai daɗewa da ke hana mutum shiga harkokin jama'a daidai da kowa. Amma a aikace, a bakin ƙofar ofis, wanda ba shi da keke ko sanda ba ya cikin lissafi.

Akwai abin da ba doka ce za ta gyara shi ba, amma muryar hukuma tana da nauyi a kansa. A watan azumi, mai ciwon sukari ko mai emasi da likita ya hana shi azumi yakan ɓuya a bayan ɗaki ya sha ruwa kamar ɓarawo, ko ya ɗauki azumin don gudun bakin mutane ya ƙare a gadon asibiti, alhali Allah da kansa Ya yi wa marar lafiya rangwame. A wajen aure kuma, idan namiji da mace duka suna da AS, wato suna ɗauke da gadon ciwon a jini ba tare da suna fama da shi ba, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, kuma wannan lissafin sabo yake komawa a kowane ciki, ba wai idan an haifi ɗaya sauran ukun sun tsira ba. Gwajin kafin aure abu ne mai kyau, amma idan aka bari sai an kai akwati an sa rana, gaskiya takan zo a lokacin da ba mai son jin ta, balle a auren zumunci inda fasawa ke nufin ɓata tsakanin wa da ƙane. Sannan ina roƙon a kula da harshen da ake wayar da kai da shi. Na sha zama a taron da ake kwatanta haihuwar mai emasi kamar wata musiba da ta faɗa wa gida, ina zaune a sahun gaba, ba wanda ya san da ni ake. Mai AS ba marar lafiya ba ne, mai SS kuma ba gawa ba ce da ke jiran rana. Ni ga ni ina koyarwa shekara goma sha biyu, kuma yaran da suka koyi karatu a hannuna sun fi a ƙirga da yatsu.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ga abin da muke roƙo. Muna roƙon ma'aikatarka ta fito da katin shaida guda ɗaya na masu ciwo mai daɗewa, wanda likita zai cika da sunan larurar, rukunin jini, magungunan da mutum ke sha da abin da za a yi masa idan ya zo cikin gaggawa, kuma a umarci kowane gidan likita, daga babban asibitin jaha har zuwa ƙaramin ɗakin shan magani na ƙauye, ya karɓe shi a matsayin hujja. Wannan ne roƙonmu mafi girma, domin katin zai yi magana a lokacin da mai shi ba ya iya magana, kuma zai sauke wa ma'aikacin jinya nauyin yin hukunci da ido. Tare da katin, a rubuta ƙa'idar karɓar mai emasi da ciwonsa ya tashi, a manna ta a bangon kowane ɗakin gaggawa, a horar da ma'aikata a kanta, a kuma tanadi maganin zafi mai ƙarfi a ƙarƙashin kulle da rajista yadda tsaro ba zai zama hani ba. A sa a cikin ƙa'idar cewa zazzaɓi a jikin yaro mai emasi ba ya bin layi.

Muna roƙon a tsawaita jinya kyauta ga yara masu emasi, masu farfaɗiya da masu ciwon sukari bayan shekara biyar, ko da zuwa ƙarshen karatun firamare ne a matakin farko. A sa insulin, hidroksiyuriya, magungunan farfaɗiya, na hawan jini da abin shaƙa na masu fuka cikin kayan da ba a yarda su yanke ba a kantin maganin kowace gunduma, da farashi ɗaya da aka rubuta kowa ya gani, kuma a bar wa masu insulin gurbi a firjin rigakafi mai aiki da hasken rana inda ake da shi. A fara gwada jarirai tun a ɗakin haihuwa ko ranar rigakafin farko, tun da yanzu akwai gwajin da ake yi da ɗigon jini a samu amsa cikin mintuna, kuma yaron da aka gano da wuri aka sa shi a kan penisilin da rigakafi yana da babban rabo na tsallake shekarun da suka fi haɗari. Matasa kuma a gwada su tun suna makaranta, kafin zuciya ta riga ta zaɓa.

Game da nisa, ba mu ce a gina Yamai a kowace jaha ba. Muna roƙon a tsara zuwan ƙwararrun likitoci manyan asibitocin jahohi a ranakun da aka sani tun da wuri, a sanar ta rediyo, a kuma ƙarfafa wa likitocin gundumomi gwiwa da horo da hanyar tuntuɓar ƙwararru ta waya, yadda ba kowace tambaya ce za ta zama tafiya ba. A ƙarfafa ma'ajiyar jini da gangamin bayar da shi, domin uwar da aka ce ta nemo mai ba da jini da ƙarfe biyun dare ba ta da inda za ta nufa.

Muna roƙon ka zauna da takwarorinka na ilimi da na ma'aikata a fitar da takarda ɗaya zuwa ga shugabannin makarantu da na ofisoshi: a bar yaro mai kati ya sha ruwa ya fita lokacin da ya buƙata, a ɗauke masa gudu da shara, a ba shi damar rama jarrabawar da ciwo ya hana shi, a duba takardun likita kafin a tura ma'aikaci wurin aiki, a kuma sa darasin taimakon farko na farfaɗiya da faɗuwar sukari a makarantun horon malamai. Darasin ba zai ci fiye da yini ɗaya ba. A wajen wayar da kai kuma, a yi shi da Hausa, Zabarmanci, Tamashek, Fulatanci da sauran harsunanmu a gidajen rediyon karkara, a jawo limamai da sarakuna da ungozomai, kuma a ba mu makirufo mu faɗa da bakinmu, tun da mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Idan za a kafa kwamitin da zai duba waɗannan buƙatu, muna roƙon a sa marasa lafiya da iyayensu a ciki, har da na jahohi, kuma a sanar da jama'a abin da aka yanke da lokacin da za a fara, kafin wata 19 ga Yuni ta zagayo.

Allah Ya taya ka riƙo, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi na gida da na asibiti.

Wassalam.

Malamar makaranta mai ɗauke da emasi,
a madadin abokan zaman benci,
Tawa.